Kwanon Gidan Tela

Ni dai tun tasowata ban yarda da taron da ake yi don a faɗi ciwo ba. Abin da na sani shi ne mai ciwo ya je wurin mai magani, ya dawo gida ya ja bakinsa ya yi shiru. Don haka da likita a Masar ya ce mini, ta bakin tafinta, za a sa lambata a wani zaure na waya, na Hausawan da aka yi wa irin aikina, sai na ce to, don kawai mu rabu lafiya. A raina kuwa cewa na yi an sake buɗe wata hanyar tatsa.

Aikin rage tumbi aka yi mini. Ƙiba ta kai ni inda sujada ta gagare ni, sai a kujera nake salla a gefen sahu, ga suga ga hawan jini. A kasuwar dabbobi ta Mai'adua, inda nake neman abincina, na koma zama cikin mota ana kawo mini ciniki ta taga. Na sayar da shanu na tafi. A Daura abin da aka sani shi ne Alhaji ya je a duba masa gwiwa. Mai ɗakina kaɗai ta san gaskiya, ita ma sai da na sa ta yi alkawari. Na san bakin mutanenmu. A ce ƙato guda ya biya kuɗi an yanke masa ciki don ya kasa riƙe bakinsa, ai har jikokina sai an yi musu gori da shi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na ce wannan magana da ni za a binne ta.

Zauren kuwa yana nan cike da mutanen Kano da Kaduna da Damagaram, mata sun fi yawa. Wata Hajiya ce daga Kano take jan ragama, ita ma an yi mata aikin da daɗewa. Kullum sai saƙon murya: wannan gashinta yana zuba, wancan sanyi yake ji ko da rana tsaka, wata ta ci tsire ya tsaya mata a ƙirji. Kunya ta kan kama ni a madadinsu. Na zuba ido ina jiran ranar da Hajiyar za ta fito da garin maganin da take sayarwa, don banza ba ta kai zomo kasuwa. Wata ya wuce, wani ya bi, ba ta tallata komai ba, sai na ce wannan ta iya haƙurin farauta. Lambobin da ba su da hoto kuwa ɗaya bayan ɗaya nake binsu ina dubawa, ko akwai ɗan Daura a ciki. Ban taɓa cewa uffan ba. Sai na shiga mota na ɗaga gilashi nake saurare.

Amma dokokinsu na bi su, ba don na yarda da su ba, sai don cikina ya yarda. A ci a hankali, a tauna sosai, kada a sha ruwa a kan abinci. Babbar dokar ita ce a fara da nama ko ƙwai ko wake, tunda wurin kaɗan ne, tuwo kuwa sai in an sami sarari. Ni kuma ban taɓa samun sararin ba.

To, a unguwarmu muna ciyayya. Tsakanin magariba da isha'i ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gidana, kowane magidanci a fito masa da kwanon gidansa, a jera a tsakiya, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya kowa yana sa hannu. Akwai liman, akwai wani ɗan kwangila da kwanonsa ba ya rabuwa da nama, da wasu maƙwabta, sai kuma tela. Ni da tela wuƙa ɗaya ta yi mana kaciya, allo ɗaya muka wanke. Allah bai yalwata masa ba, kuma shi mutum ne mai kara, don haka kullum sai ya tura kwanonsa baya, ya zama na ƙarshe. Tuwon gero ne da miyar kuka, wani lokaci kuɓewa busasshiya, ba nama, amma matarsa 'yar Dutsi ce, ta iya daddawa kamar ita ta ƙirƙiro ta. Kafin a iso kansa kowa ya ƙoshi sai ni. Liman ya kan ce, “A bar ma Alhaji na gidan tela, su suka san tsakaninsu.” Ni nake sharce shi tas. Saboda ni matar take ƙara malmala, shekara da shekaru, kuma ban taɓa jin ana cewa hatsinsu ya yi ƙasa ba.

Da na dawo na yi makonni a cikin gida ina shan kunu da romo, ana cewa gwiwa ce. Da na fito tabarma sai na riƙa tsintar nama daga kwanon ɗan kwangila, in ɗan taɓa wake in an kawo, shi ke nan na cika. Kafin a buɗe na tela na wanke hannu. In an ce Alhaji bismilla, sai in ce na ɗan taɓa wani abu a ciki. Tela ya kan dube ni, ya rufe kwanonsa da saura a ciki, ya aika da shi gida.

Jiki kuwa sai narkewa yake. Wuyana ya fito, fata ta saki, hula ta fara faɗo mini har kunne. Gaisuwar mutane ta sauya, kowa sai ya riƙe hannuna ya daɗe yana cewa, “Alhaji, ya ƙarfin jiki?” Ni kuma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Duk wanda ya dube ni sau biyu sai in ce ya ji wani abu. Riguna suka yi mini yawa, ina yawo a cikinsu kamar na aro. Tela ne yake mini ɗinki tun muna samari, amma na ce in na kai masa ya auna ni, shagonsa majalisa ce, kafin la'asar an san ko inci nawa na rage. Sai na kwashe su na kai Katsina aka rage mini. Na fito tabarma da ɗinkin wani hannu. Tela ya kama bakin hannun rigar ya juya, ya duba ɗinkin, ya sake shi.

Ran nan muna zaune, kafin liman ya miƙa hannu, sai tela ya jawo kwanonsa ya ajiye a gabana ya buɗe.

“Yau da nawa za a fara,” in ji shi. “Mutumina, bismilla.”

Kowa ya zuba mini ido. Na ga ba hanya. Na yanko loma irin ta da, don kada a ce na yi yanga, na dangwala miya na haɗiye ba tauna. Tuwon gero ba wasa ba ne. Ya sauka ya tsaya mini a ƙahon zuci kamar dutse. Gumi ya karyo mini, yawu ya cika bakina. Na miƙe da sauri na zaga bayan katanga, na amayar da shi, da ƙara kuwa, yadda duk wanda ke tabarma ya ji. Da na dawo ina share baki, ba mai ci. Tela ya riga ya rufe kwanonsa. Liman ya ce Allah ya sawwaƙe, aka tashi tun ba a kira salla ba.

Washegari kwanon gidan tela bai fito ba. Shi ma bai fito ba. A masallaci ya koma can ƙarshen sahu, ana sallama ya fice. Aka kwana uku a haka.

Abin da na fahimta a lokacin shi ne an tona ni. Na ce biri ya yi kama da mutum: tela ya ji labarin aikin, ya shirya mini tarko da tuwo don ya tabbatar a gaban jama'a. Wa ya gaya masa? Ba mai ɗakina ba. Saura zauren nan. Raina ya ɓaci ƙwarai, na shiga mota na danna waya, karo na farko da suka ji muryata. Ko sallamar kirki ban yi ba. Na ce ina son ɗan Dauran da yake ɓoye a cikinsu ya fito ya faɗi sunansa, kuma Allah ya isa tsakanina da mai kai maganar mutane waje.

Hajiyar Kano ta amsa a natse, ta ce iya saninta ni kaɗai ne daga Daura, kuma wa zai kai maganata waje alhali ban taɓa yin magana ba? Wannan ma ya ƙara ba ni haushi. Sai wani dattijo daga Damagaram, wanda na daɗe ina zargin ya cika surutu, ya ce in yi haƙuri in faɗi abin da ya faru daga farko. Na faɗa a taƙaice, ina cika ina batsewa.

“Alhaji,” in ji shi, “da asirinka ne ya tonu ai da sauƙi. Ka ɗauka kai ne a gefen tabarma. Maƙwabcinka yana ramewa ba a san dalili ba. Yana cin na kowa, kwano ɗaya ya ƙi. Ranar da ya ci, ya amayar a gaban mutane. Me za ka ce an sa a kwanon? Ni ƙanwata aka yi wa haka, don ita take kawo mini fura. Je ka tambayi iyalinka abin da mata suke faɗi.”

Na kashe waya ina cewa wannan tsoho ya iya tsara labari. Amma da na shiga gida na tambaya. Mai ɗakina ta ajiye tsintsiya ta dube ni.

“Alhaji, kai ka hana ni kawo maka zancen mata, kai kuma ka ɗaure ni da alkawari,” ta ce. “Tun kafin aman nan ake cewa matar tela ta yi maka barbaɗe a tuwo. A gidan suna na makon jiya an tashe ta daga bakin tukunya, aka ce ta huta. Ina zaune ina gani, bakina a ɗinke.”

Haushin garin ya kama ni, har na fara lissafin wanda ya fara maganar, kuma har yau ina da wanda nake zargi. Amma tsoro ya fi haushin yawa. Matar nan ba abin da ta taɓa yi mini sai ƙarin malmala.

Da hantsi na je shagon tela. Shi kaɗai ne, yana kan keke yana haɗa wata 'yar riga. Na yi sallama ya amsa bai ɗago ba.

“Alhaji, an zo lafiya?”

Rabon da ya kira ni Alhaji muna mu biyu har na manta. Na tura ƙofa, na ɗaga riga da singileti har ƙirji, na nuna masa tabon ƙananan ramukan da aka huda. Na gaya masa komai, yadda aka yanke tumbin, abin da ya rage, dokar nama kafin tuwo, dalilin kai riguna Katsina. Ya tsayar da keke ya daɗe yana kallon cikina.

“Sauke rigarka,” ya ce. “Wa da wa suka sani?”

“Mai ɗakina. Sai mutanen wani zaure na waya, masu irin aikin.”

“Ka san su?”

“Ban taɓa ganin ko ɗaya ba.”

Ya gyaɗa kai, ya ciro zare daga bakin allura, ya sake zurawa ba tare da wani dalili ba. Na ce masa yau ɗin nan bayan magariba zan faɗa a tabarma, a gaban liman, in ɗaga riga kowa ya gani, mai ɗakina kuma ta bi gidaje ta gaya wa mata. Na ce in ya so ma mu shiga yanzu in ba mai ɗakinsa haƙuri daga bakin zaure.

“Ba ta nan,” in ji shi.

“Ina ta je?” na ce.

“Da mutane suka fara maganar ban kula ba. Na ce ma kaina in ba ka tuwon a gabansu ka ci, bakin kowa ya mutu. Sai ka yi amai.” Ya ture 'yar rigar gefe. “Na shiga gida na ɗauko Alƙur'ani, na ce ta yi alwala ta dafa. Matar da ta haifa mini 'ya'yana duka. Ta yi alwalar, ta dafa, ta rantse, ko hawaye ba ta yi ba. Da gari ya waye ta ce in ba ta izini ta je Dutsi ta ga gida. Na aika sau biyu, ta ce tana nan tana hutawa.”

Na zauna a kan bencin masu jiran ɗinki. Na buɗe baki in ce zan kai shi Dutsi da motata yanzu, ya ɗaga mini hannu.

“Ka faɗa a tabarma, hakan ya yi,” ya ce. “Kai kana da tabon da za ka nuna ma mutane su yarda da kai. Ni in na je Dutsi, me zan nuna mata?”