Amsar da Nake Bayarwa a Madadinta

Malaminmu na Turanci a aji biyar, wani dogon mutumin Kwoi mai yawan tari, yana da wata al'ada. In yana kiran rajista ya zo kan wanda ya yi fashi, sai abokin zamansa ya miƙe ya faɗa da Turanci abin da mai fashin yake cikin yi a daidai lokacin. Wane yana haƙar citta, wance tana goyon ƙaninta. Da haka muka koyi yadda ake faɗin aikin da ake cikin yi. Ba ya duka kan fashi, amma wanda ya yi sati biyu babu mai ba da labarinsa, jan biro ne ke bi ta kan sunansa.

Abokiyar zamana 'yar Fulani ce daga wata ruga a hanyar Kagoma. Ni 'yar ma'aikacin jirgin ƙasa ce, baki kamar rediyo. Ita sai ta wuni ba ta ce uffan ba, amma ta fi ni Turanci nesa ba kusa ba. Abin yana ba ni haushi, kuma ina son ta.

A shekarar da hankali ya tashi a Kafanchan aka rufe makarantu. Da muka koma, rabin bencinmu babu kowa. Malam ya kira sunanta, na miƙe na ce tana tatsar nono. Washegari na ce tana wanke ƙwarya. Ban san komai ba, sunanta kawai nake tsarewa. Na sa ta daka, na sa ta kitso, na sa ta jinyar kakarta, har Turancina ya gyaru saboda ƙarya.

Wata Asabar na taka har rugar. Ba abin da na tarar sai duwatsun murhu da busasshen kashin shanu. Wata tsohuwa mai ɗaurin itace ta ce sun tashi tun kafin ruwan farko, ba wanda ya san inda suka nufa. Ban gaya wa kowa ba.

Ranar Litinin malam ya kira sunan. Duk aikin da na sani na riga na ba ta. Na ce, “She is coming, sir,” wato tana nan tafe.

Ya dube ni ya daɗe. “Kai yarinya, zauna,” in ji shi, don kowa kai ne a bakinsa. “Ni ma na je wurin.”

Ashe ya riga ni zuwa rugar da sati uku, yana dai gyara mini jimloli. Bai ja layi a kan sunanta ba ranar, bai ja ba har ƙarshen zango. Sai dai tun daga ranar, in ya zo kan sunanta yakan yi tari ya wuce na gaba, ni kuma ina zaune da jimlar da na shirya tun daga gida.