Unguwar da Ta Yi wa Noelene Kyau da Yawa

Aikina wanke tafkin wanka a Caloundra. Na gaji da alkawuran mutane, don haka ba na yabon kowa sai na ga aikin hannunsa. Na Noelene Gatt kam na gani.

Bayan rasuwar mijinta ta sayar da gonar rakensu a Mackay, ta sayi haƙƙin kula da wani dogon bene a bakin teku, wanda nake wanke tafkinsa, bisa yarjejeniya da masu gidajen cikinsa. Tana zaune a gidan da ke ƙasan benen, tana gyara harabar, masu gidajen da ke zaune nesa kuma suna ba ta nasu ta zuba 'yan haya ta ci lada. Da ladan nan take cin abinci.

Dillalin da ya sayar mata ya ce mata unguwa mai kyau ba ta rasa 'yan haya. Bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba shi ne, idan unguwa ta cika kyau, masu gidan ne da kansu suke tarewa. Aka gyara hanyar gaɓa, aka buɗe shagunan kofi, sai ga tsofaffi daga kudu suna zuwa karɓar makullansu. Wanda ya fara shi ne Baba Lindsay, tsohon direban jirgin ƙasa mai ciwon kafaɗa da baƙar magana.

Kowane makulli ta miƙa, abincinta ne ya ragu. Amma ita ce mai hau musu da kaya sama. Ita ke kai Baba Lindsay asibiti a gasa masa kafaɗa, yana kushe tuƙinta har su dawo.

"Uwar ɗakina, wannan fa ba ya cikin yarjejeniyarki," na ce mata.

"Kai ma surutu ba ya cikin taka, Darcy. Riƙe min ƙofa."

Wa'adin yarjejeniyar ya zo ƙarshe. A taron shekara masu gidaje za su ɗaga hannu: ko a ƙara mata, ko a ɗauko kamfani mai araha. Idan ta faɗi, har gidan ƙasan sai ta bari, ga shi babu gonar komawa. Ranar taron ina jera kujeru, ita kuma tana jera biskit a tire.

Wani mai sabon takalmi ya yi ta zuba bayani kan arahar kamfani. Baba Lindsay ya katse shi.

"Yaro, kamfanin naka ya san ranar da nake zuwa asibiti?"

"Baba, ba aikinsa ba ne."

"To ita ma ba nata ba ne."

Da aka ce masu son a ƙara mata su ɗaga hannu, ya ɗaga hannun nan mai ciwo, a hankali, yana cije leɓe, har ya miƙe. Sauran suka bi.

Hayar ba ta dawo ba, kuma ba za ta dawo ba. Amma washegari na same ta tana share yashi a ƙofar gidanta, idonta a kumbure.

"Me kake kallo?" ta ce. "Akwai ganye a tafkin."