Irin Dawar Yaya Lawal

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Lawal, Allah ya jiƙansa. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi a ɗakinsa, a ƙauyenmu da ke ƙasar Faskari, kuma aka yi masa jana'iza a tsanake, mutanen Tafoki da na Ruwan Godiya suka zo a kan babura har hanya ta cika. A lokacin gani nake babu rashin da ya kai wannan. Yanzu kuwa in tsofaffi sun tuna shi sai su ce ya yi sa'a, ya mutu a gidansa, an binne shi ba a waiwaye. Nakan ji zafin maganar, amma ban taɓa iya musa ta ba.

Yaya manomi ne, amma in kun ji shi a majalisa za ku rantse shi ke ba shugabannin duniya shawara. Rediyonsa na rataye a reshe yana noma, na kan tabarma yana cin tuwo. Ni da nake koyarwa a Kankara, in na zo hutu sai ya tare ni da labarin yaƙin wata ƙasar da ko sunanta bai iya faɗa daidai ba. Ina tsokanarsa cewa ya fara gyara lafazin tukuna, shi kuma ko a jikinsa. Duk labarin da aka karanta, tambayarsa ɗaya ce: "To su waɗanga da suka gudu, wa zai yi masu shuka bana?" Dariya muke yi masa. Mun ɗauka gudun hijira abin cikin rediyo ne.

Siyasar gida ma da ma'aunin gona yake auna ta. Bai taɓa fashin zaɓe ba, ko da ana ruwa, kuma bai taɓa yarda da alkawarin taki ba. Na kan ce masa wahalar banza yake yi, ya ce in bai jefa ƙuri'a ba, da wane baki zai yi ƙorafi? Abu ɗaya ne bai miƙa wa kowace gwamnati ba, shi ne irin dawarsa. Farfara ce da ya gada wajen kakanmu. Kafin girbi yakan bi gona kunya-kunya yana zaɓar zangarniyar da ta fi cika, ya ɗaure, ya rataye a madafa inda hayaƙi zai hana ƙwari taɓa ta. Ko yunwa ta shigo gida, wannan damin ba na tuwo ba ne.

Bayan rasuwarsa matarsa, Yaya Hassu, ta ci gaba da yin haka da 'ya'yansu. Sai 'yan bindiga suka matsa. Aka fara da kora shanu, aka koma ɗaukar mutane daga gona, har ranar da ƙauyen ya watse gaba ɗaya. Shekara huɗu ke nan tana zaune a gidana a Kankara. Ranar da ta iso ba ta zo da katifa ba, ba ta zo da kwanukan aurenta ba. Damin irin ne a kanta, naɗe cikin zane.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Da ya ga masu neman ƙuri'a suna sauya jam'iyya kamar riga, alhali hanyar garin Sabuwa sai mutum ya yi addu'a ya yi sallama da iyali kafin ya hau ta. Da ya ji ana zaman sulhu da waɗanda suka kore mu, wasu na murna, wasu na cizon yatsa. Ni dai ba na zagin wanda ya yarda da sulhu, domin na san abin da ya gani kafin ya yarda. Abin da ke ci mini rai shi ne duk jawabin da ake yi, ban ji wanda ya yi tambayar Yaya ba. Waya ta cika da hotunan yaƙin ƙasashe masu nisa, muna kallo muna cewa Allah sarki, mu ma wasu na can suna kallonmu haka.

Iri kuwa ba ya jiran sulhu. In ya daɗe bai ga ƙasa ba, mutuwa yake yi a cikin ɓawonsa. Duk damina sai na roƙi Yaya Hassu ta ba ni in shuka a gonar aro, ta hana. Har tsokanarta nake yi, irin ta ƙanin miji, cewa tana kishin damin nan kamar miji. Amsarta ba ta canzawa: "Gonarshi za a kai shi. Baɗi in Allah ya so muna gida." Na gane cewa in ta yarda aka shuka a nan, ta yarda ke nan ba za ta koma ba.

Bana da ruwan farko ya sauka, na dawo daga makaranta na tarar da ita tsugune a bayan ɗaki. Ta cika wani tsohon baho da ƙasa, ta murje zangarniya biyu a ciki, ba ta gaya wa kowa ba. Muka yi ta leƙawa safe da yamma. Cikin duk abin da ta zuba, waɗanda suka tsiro ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Ta dasa su a gefen katanga, ta kewaye da tsohon gidan sauro saboda awaki.

Abin da ya rage na Yaya ke nan da ido zai gani. Rediyon na can ƙauye, kabarin ba mai iya zuwa ziyara, majalisar ta watse garuruwa. Jiya na same ta tana cire musu ciyawa, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Malam, in sun yi kai, ba na tuwo ba ne. Sai ka nemo muna wurin shuka nan kusa."

Shekara huɗu ina jiran wannan magana daga bakinta. Da ta faɗa, sai na shiga ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.