Bidiyon Burtalin Ƙauyenmu

Shekarar da wani mai hali ya toshe burtalin ƙauyenmu da shinge, na ɗauki baffana a bidiyo yana nuna inda shanu suka saba bi zuwa mashaya. Na ɗora a intanet. Yaran mutumin suka yi ta kai ƙara wajen masu shafin har aka sauke bidiyon. Da na sake ɗorawa, sai aka rufe shafina.

Na gaya wa Baffa raina a ɓace. Ya ce, "'Yata, in ciwo ya shigo, ba ma barin shanu a garke ɗaya. Rarraba su muke yi gidajen 'yan'uwa."

Ranar kasuwar Gwiwa na zauna a rumfar mai cajin waya. Duk wanda ya yarda sai in tura masa, daga waya zuwa waya, in roƙe shi ya adana, ya kuma ba wani. 'Yan acaɓa suka kai shi Roni da Babura.

Mutumin ya aiko wakilinsa wai in goge. Na ce, "Ranka ya daɗe, nawa kaɗai zan iya gogewa, kuma ba zan goge ba."

Bidiyon ya isa Kazaure, manya suka zo suka duba. Kafin damina aka janye shingen.