Gilashin Nutso da Tsagar Kabawa

Shekarar da na daina ɗaukar dila a kasuwar Ataba ta Alƙahira, ciwon baya ne ya tilasta mini. Wani maƙwabcinmu a unguwar Arba wa Nus ya kai ni wurin wani rayyis, shugaban masu nutson da ke kula da jiragen cin abinci na kan Nilu. Aikinsu su shiga ƙarƙashin jirgi, su kankare gansakuka, su kwance igiya da ledar da ta nannaɗe farfela. Ni Bakabe ne, a bakin gulbi aka haife ni, ruwa bai taɓa ba ni tsoro ba. Rayyis ya koya mini numfashi da tulun iska a wuri marar zurfi, sannan ya faɗi sharaɗinsa: zai ɗauke ni idan na shiga ƙarƙashin jirgi na zauna ina aiki har sai ya buga ƙarfe ya kira ni. Tulu da abin shaƙar iska nasa ne. Gilashin fuska kuwa kowa da nasa yake zuwa.

Ƙanin matata ɗalibi ne a jami'ar addini, kuma a wurinmu yake cin abincin Juma'a. Da ya ji maganar gilashi sai ya zaro waya.

"Yaya, wa yake yawon shago yanzu? Zauna, har ƙofar gida za a kawo maka."

A lokacin ina zuwa ajin manya da ɗaliban ƙasarmu suka buɗe a bayan masallaci, ana koya mana boko da karatun Larabci na yau da kullum. Na karɓi wayar na bi abin da masu saye suka rubuta, layi bayan layi, shi kuma yana ta hamma a gefena. Kowa yabo yake yi. Wani ya ce ya shiga Bahar Maliya da shi, ko ɗigo bai shiga ba. Na ce a yi oda.

Gilashin ya zo a kwali mai kyau, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, kaya ne mai kyau. Amma duk waɗanda suka yabe shi fuskarsu sumul take. Tawa tana ɗauke da tsagar Kabawa a kumatu biyu, daga gefen baki har kusa da kunne, kuma wanzamin da ya yi mini hannunsa yana da nauyi.

Ranar gwaji, da na nutsa sai na ji sanyi yana bin kumatuna. Ruwa ya sami hanya ta kowane layin tsaga, ya taru a ƙarƙashin hancina, ya hau idona. Ruwan Nilu a tsakiyar Alƙahira akwai man jirgi a ciki, yana yaji kamar barkono. Na fesar da shi ta hanci yadda aka koya mini, ya dawo. Na sake, ya sake dawowa. Ban ga farfela ba balle in taɓa ta. Na taso ba wanda ya kira ni.

Rayyis ya kama haɓata ya juya fuskata hagu da dama kamar mai taya rago.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya Hajj. Fuskar nan ba ta aikinmu ba ce."

Wani cikin masu nutson ya ce in cike tsagar da basilin. Na shafa, gilashin ya riƙa zamewa. Wani ya ce akwai likitocin da ke goge irin wannan. Tun da na zo ƙasar nan nake samun masu ba ni shawara a kan fuskata, a motar haya ta mikrobas, a layin burodi, har a masallaci. Mahaifiyata ce ta riƙe ni a cinyarta aka yi mini ita, kuma ba zan ba kowa haƙuri a kanta ba. Na ce wa rayyis matsalar ta roba ce, kuma roba ana canza ta. Ya ce ya ba ni zuwa mako mai zuwa. Akwai wani da ke jiran gurbin, kuma ba zai ajiye jirgi yana jirana ba.

Da Juma'a ta zagayo ƙanin matata ya sha dariya har ya ƙware da shinkafa.

"Ashe magudanar ruwa wanzamin garinku ya haƙa maka, Yaya. Da ya sani da ya sa mata murfi."

"Ci abincinka, Ustaz. A tukunyar mai magudanar aka dafa shi."

Yayarsa ta ɗaka masa duka a kafaɗa, ta ce ya bar mata miji. Da ya gama dariya sai ya kawo dabara. Ya ce akwai shagon kayan nutso a Wustul Balad, tsakiyar birni. Mu je in gwada har in sami wanda ya zauna mini, shi kuma ya ɗauki hoton kwalin, mu dawo gida mu yi odarsa da araha. Ya ce kowa haka yake yi. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Ina bukatar wanda ya san hanya.

Shagon ɗan ƙarami ne, a hawa na farko na wani tsohon bene, yana warin roba. Mai shi dattijon Bamisire ne mai furfura a gira, kowa Kyaftin yake ce masa. Na gaishe shi na faɗi abin da nake nema. Ya dube ni, ya dubi wayar da ke hannun ƙanin matata, bai ko tashi daga kujera ba.

"Ga su can a rataye. Ka zaɓa, ka biya, ka tafi da shi. Ba na buɗe kwali."

Na ce sai na ɗora a fuska.

"Na gaji, ya Hajj. Kullum sai an zo an sa ni na zazzage shagon nan, a gwada, a ɗauki hoto, a ce za a dawo. Sai in gamu da mutum a bakin ruwa da irin kayana, daga intanet. Khalas, ya isa haka. Nan ba ɗakin gwaji ba ne."

Ƙanin matata ya raɗa mini da Hausa cewa mu tafi, tsohon nan ba shi da mutunci. Ni kuwa na ga gaskiyar mutumin, don abin da ya faɗa shi ne ya kawo mu. Na miƙa hannu.

"Ba ni wayar."

"Yaya, me za ka yi da ita?"

"Ba ni."

Ya ba ni yana gunaguni. Na kife ta a kan teburin Kyaftin, na ɗora hulata a kanta. Na ce masa da Larabcina na kasuwa: wayar nan ba za ta tashi ba sai mun gama. Idan akwai wanda ya zauna mini a shagonka, a shagonka zan saye shi. Idan babu, zan gode maka in tafi. Amma ba zan sauka daga benen nan ba sai na gwada. Na ja kujerar da ke gefen ƙofa na zauna.

Ya ci gaba da shan shayinsa kamar ba kowa. Wasu matasa suka shigo suka sayi takalman iyo suka fita. Ƙanin matata ya leƙa taga, ya dawo, ya ce ana jiransa a darasi. Na ce ƙofa a buɗe take, amma waya tana ƙarƙashin hula. Na yi shekaru ina jiran 'yan kasuwa a Ataba su gama ciniki kafin in ɗora kaya, zama ba ya gajiyar da ni.

Can sai Kyaftin ya ajiye kofi ya ce in matso wurin haske. Ya daɗe yana kallon kumatuna. Bai tambaye ni abin da ya same ni ba, sai ya tambayi inda zan yi nutso. Na ce ƙarƙashin jiragen Nilu. Ya girgiza kai, ya tashi ya fara sauko da kwalaye.

Ya nuna mini yadda ake yi. A ɗora gilashi a fuska ba tare da an sa maɗauri ba, a ja iska ta hanci, a saki hannu. Idan ya manne, ya yi. Na farko ya faɗo a cinyata. Wani ya tsaya kaɗan, sai muka ji iska tana tsiyaya ta tsagar dama, siririyar ƙara kamar ta tayar keke. Manyan masu faɗi, waɗanda suka fi kyau a ido, duk bakin robarsu a kan tsagar yake sauka. Teburin ya cika da kwalaye. Ƙanin matata ya daina maganar darasi, ya koma shi ne mai miƙo mini.

Daga ƙarshe Kyaftin ya shiga ciki ya fito da wani ɗan ƙarami baƙi, mai roba mai laushi. Ya ce ya daɗe a ajiye, masu yawon buɗe ido ba sa son sa don yana takura gani. Na ɗora, na ja iska. Bakinsa ya zauna a saman ƙashin kumatu, inda askar wanzami ba ta kai sosai ba. Na saki hannu. Na sunkuya, na girgiza kai, yana nan.

"Tamam, ya yi," in ji Kyaftin.

Ƙanin matata ya karkata kai yana karanta rubutun kwalin, ya ce da Hausa ai ya riƙe sunan a ka, ba sai da hoto ba. Na ce ya riƙe abinsa, ya yi wa kansa oda in yana so. Na biya a nan. Ya fi na waya tsada, kuma matata ta yi mini magana a kai da muka koma, na saurare ta har ta gama.

Da safiyar da rayyis ya sa mini na shiga ƙarƙashin jirgin. Ruwan duhu ne, sai hannu ya kusa taɓa abu ake ganinsa. Na bi ƙasan jirgin ina lalube da tafin hannu har na iske farfela, wata igiyar roba ta shaƙe ta tam. Ɗan ruwa yana tsattsafowa ta hagu, in ya taru in fesar, in koma kan wuƙata. Na yanke igiyar guntu-guntu, na zare ledojin da ke bayanta, na kama kankarar gansakuka. Ina cikin yi na ji ƙarfe yana bugun jikin jirgi.

Da na taso rayyis bai ce na yi ƙoƙari ba. Ya karɓi guntayen igiyar ya jefa a bokiti, ya nuna mini ƙusar da zan riƙa rataye kayana, ya ce in wanke tulun da ruwan famfo kafin in tafi, kuma gobe kada in makara.