Makullin Gidan Kurmin Sarki

Har yau ranar da aka aike ni duba wani gida a unguwar Kurmin Sarki, nan Suleja, ba ta goge daga zuciyata ba. Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciya a ofishinmu na dillancin gidaje, kamar yadda kuke yanzu, kuma damina ta yi tsakiya.

Bari in fara da yadda aikin yake, don waɗanda suka shigo kwanan nan. Idan mai saye da mai sayarwa sun daidaita a kan farashi, sai a ba da kafin alƙalami, lauya ya rubuta yarjejeniya. Abin da ya fi cin rai shi ne tsayar da ranar miƙa makulli, wato ranar da mai gida zai fita, sabon mai gida ya shiga. Idan ranar ta kusa, ofis yakan tura mutum ya zagaya gidan, ya tabbatar an fara kwashe kaya. Wannan shi ne aikina.

Mai sayarwar Injiniya Kabiru ne, haifaffen Suleja da ke aiki a Abuja. Shi ya gina wa iyayensa gidan. Mai sayen kuwa Malam Nura, ɗan Gusau, ma'aikacin jinya a Abuja, wanda ke haya a unguwar Hashimi da matarsa da 'ya'ya uku. Lokacin da muka kai shi ganin gidan babu kowa a ciki, domin mahaifin Injiniya yana kwance a asibiti a Abuja, mahaifiyarsa na jinyarsa.

A gabana suka yi cinikin ranar. Malam Nura yana son ƙarshen wata, saboda mai gidan hayarsa ya riga ya ba wani ɗakunan. Injiniya ya roƙi a ƙara masa lokaci, amma da aka tambaye shi dalili sai ya sunkuyar da kai. Oganmu, Alhaji Ɗanladi, ya raba musu gardama, aka tsayar da tsakiyar wata mai kamawa. Kowa ya sa hannu.

Ana saura mako guda na hau keke napep na tafi. Ina tafe ina tunanin bishiyar gwaibar da ke tsakar gidan, da yadda yaran Malam Nura za su ji daɗinta. Ina shiga zaure na ga takalman mata jere. A tsakar gida an shimfiɗa tabarmi, ga butoci, ga ƙullin gero irin wanda ake kawowa gaisuwa. Ba a ɗaure ko tsinke ba. A bakin ɗaki wata dattijuwa na zaune da carbi, ba kwalli a idonta, ba lalle a hannunta, zaninta marar ado. Hajiya Yelwa ce, mahaifiyar Injiniya.

Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a hankali, ta tambayi daga ina. Na ce daga ofishin da aka sayar da gidan nake, na zo dubawa kafin a miƙa makulli.

Matan da ke kan tabarma suka dubi juna. Hajiya ta tsayar da carbinta.

"Makullin wa, 'yar nan?"

Wata daga cikinsu ta ja ni gefe ta raɗa min cewa Malam, mijin Hajiya, ya rasu tun watan jiya, Hajiya tana takaba. Na lissafa a zuci. Ashe ranar da Injiniya ya zauna a ofishinmu yana roƙon ƙarin lokaci, ko sadakar bakwai ta mahaifinsa ba a daɗe da yi ba. Kuma tsohuwar nan da ke da sauran wata uku a ɗakinta, daga bakina ta fara jin an sayar da rufin da ke kanta.

Ban san yadda na koma ofis ba. Oga ya saurare ni, ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur, ya yi salati, sannan ya kira Injiniya da Malam Nura washegari.

Injiniya bai musa komai ba. Ya ce da mahaifinsa suka shirya sayar da gidan don a dawo da su kusa da asibiti, kuma marigayin ya ce a bar masa shi ya gaya wa matarsa da kansa idan an sallame shi. Ba a sallame shi ba. Shi kuma kullum sai ya zo da niyyar faɗa, ya ga fuskar mahaifiyarsa, bakinsa ya mutu.

"To da ranar ta zo fa, Injiniya?" in ji Oga. "A kafaɗa za ka ɗauke ta?"

Injiniya ya ce jiya da yamma ya roƙe ta ta ƙarasa takabar a wurinsa, amsarta ɗaya ce: a ɗakin nan mijinta ya bar ta, a nan ɗan nata zai same ta idan kwanakin sun cika.

Malam Nura ya dubi yarjejeniyar da ke kan tebur. Takarda ta ba shi gaskiya, kuma nan da mako guda ba shi da inda zai sa iyalinsa. Ya ce shi dai ba zai zama mutumin da ya fitar da mai takaba ba, amma a faɗa masa inda zai kai yara cikin ruwan saman nan.

Matarsa, Maman Ummi, wadda ta biyo shi tana zaune a gefe, ita ce ta ɗago kai.

"Abban Ummi, ɗaki nawa ne a gidan? Ita ɗaya take kwana a cikinsu duka?"

Ta ce ita da yara su shiga ɗakunan gaba, Hajiya ta zauna a nata. Shi kuma Malam Nura, tunda ba muharramin Hajiya ba ne, ya nemi wurin kwana a wajen abokan aikinsa a Abuja, ya riƙa zuwa zaure yana ganinsu.

"Wato ni ne za a kora," in ji Malam Nura. Karon farko ke nan da aka yi murmushi a ɗakin.

Da aka kai wa Hajiya maganar ta amince. Lauya ya sake takarda, aka raba miƙa makulli gida biyu, abin da ban taɓa gani ba kafin nan ko bayan nan.

Ranar da ta fita takaba ni aka sake aikawa. Na same ta da lalle a hannu, ƙaramin yaron Malam Nura na kwance a cinyarta. Ba ta ba ni makullin ba, ba ta ba ɗanta ba. Ta kira Maman Ummi ta damƙa mata a hannu, ta ce a riƙa ba gwaibar ruwa da rani, domin marigayi Malam ne ya dasa ta.

Tun daga nan, duk wanda ya zo tsayar da rana, kafin in duba kalanda sai na tambaye shi wa ke kwana a gidan, kuma ko ya san da zancen. Idan ya sunkuyar da kai, ba na ba shi biro sai na je na yi sallama da kaina.