Liyarin Inna na Goma Sha Biyu

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar tashar Tambuwal, ni da wani tsohon maƙerin azurfa na unguwarmu, aminin marigayi babana, wanda muke ce wa Baba maƙeri. Kebbe muka nufa. Abokan aikina malamai sun dame ni da tambayar abin da ya kai ni can a ƙarshen makon jiya, to ga labarin, kowa ya huta.

Inna, mahaifiyata, ta taɓa mallakar abin wuya na liyari goma sha biyu, manyan kuɗin azurfar nan na zamanin da, masu hoton wata mace mai kumatu. Gadon uwarta ne. Da babana ya rasu ina makarantar horon malamai a Sakkwato, sai ta riƙa cire su ɗaya-ɗaya tana sayarwa, yau kuɗin mota, gobe takalmi da sabulu. Guda ɗaya ya rage, ta ce ta bar shi ne don tunawa da uwarta. Bana da aka yi mana ƙarin albashi kowa ya ruga sayen babur, ni kuwa na rantse sai na mayar wa Inna sha ɗayanta. Matsalar ita ce jabu ya cika kasuwa, ni kuma ban san bambancin azurfa da murfin gwangwani ba. In na rataya mata dalma a wuya ba za ta ce komai ba, amma tsararrakinta za su gane a gidan suna, kunyar kuma tata ce. Shi ya sa na roƙi Baba maƙeri ya raka ni.

Akori-kura muka samu, an loda mata buhunan gishiri da kwanon rufi, mu kuma aka ɗora mu a kai kamar ƙarin kaya. Kuɗin mota naira guda, amma direban, wani mutumin Jabo mai yawan dariya, har yau sule goma yake cewa. Muna barin kwalta muka faɗa jar ƙasa da damina ta bar wa ramuka. Sai dai idona ya sha kallo. Dawa ta sunkuyar da kai hagu da dama, an jera dammunan gero a bakin gonaki, shanu sun yi ɓul-ɓul. Wani fasinja ya rungume sabuwar rediyo, ya ƙi kashe ta ko da muka sauka tura mota a wani rafi. Baba bai tura ba. Ya ce hannunsa na aiki ne, ya koma inuwa yana cin goro.

Mun isa Kebbe da hantsi, kasuwa ta fara cika. Garin ya burge ni. Ga hatsi tuli, ga kifi busasshe, ga zuma, mutanen kuma ba sa gaggawar ciniki, sai an gama gaisuwa tukuna. Muka sha fura da nono na sule guda, nonon da ludayi ke tsayawa a cikinsa.

Ban gama share baki ba wani mutum mai baƙin tabarau da jakar fata ya tsugunna gabana, don labari ya riga mu shiga kasuwa cewa malamin makaranta na neman azurfa. Ya shimfiɗa ƙyalle, ya zuba liyari sun fi ashirin, farare tas, suna ɗaukar ido. Zuciyata ta ce an gama, mu kama motar azahar. Har na kai hannu aljihu, Baba ya taka mini ƙafa.

Ya ɗauki guda, ya auna shi a tafin hannu, ya bi gefensa da farce. Ya nuna mini wasu ƙananan ramuka a fuskar matar, kamar zanzana, ya ce yashin da aka zuba narkakken ƙarfe a ciki ne ya bar su. Ya goga shi a farar rigata, ya bar baƙin zane, ni kuwa wanki ya same ni. Daga nan ya ciro nasa liyarin daga lalita, ya ɗora shi a kan yatsa, ya ƙwanƙwasa da ƙusa. Ƙarar ta tashi siririya, ta daɗe tana yawo a kunne. Ya yi wa na mai tabarau haka, sai ƙwas, shi ke nan.

"Ɗana," in ji Baba, "wanga dalma ta anka yi ma wanka. Kwashe kayanka."

Mutumin bai yi musu ba. Ya naɗe ƙyallensa har da yi mana fatan alheri, ya shige cikin mutane.

Mai nonon da ke gefe ta ga duk abin da ya faru. Ita ta gaya mana cewa tsofaffin rugarsu suna da na gaske, kuma suna son sayarwa, don 'yan matan yanzu sun fi son sarƙar kanti mai ruwan gwal. Da rana ta karkata muka bi ta a ƙasa, tafiyar da ta ce ba nisa, ni kuwa na ji a gwiwa. A hanya Baba ya ja mini kunne. Ya ce mai tabarau ya san abin da yake sayarwa, shi ya sa aka buga kayansa a bainar jama'a. Amma wanda ya gaji azurfa bai san abin da ke cikinta ba, kuma ba a buga gadon mutum a gabansa.

A rugar na ga aikin da ya fi na kasuwa. Aka shimfiɗa mana tabarma, tsofaffi uku suka kwance ƙullin tsummoki. Nasu liyarin baƙi-baƙi ne, sun sha man shanu da hayaƙi, hoton ya shafe, kowanne da ɗan kunnen da aka liƙa masa don zare. Da ni kaɗai ne ko kallonsu ba zan yi ba. Baba yana tambayar lafiyar shanu, yatsunsa suna aikinsu. Ya juya wannan, ya shafa gefen wancan inda rubutu ya zagaye, ya aje a dama. Wanda ya yi shakkarsa sai ya ce bari ya gani a rana, ya zagaya bayan bukka, in ji 'yar ƙara can ƙasa-ƙasa. Biyu ya mayar wa wata tsohuwa da hannu biyu.

"Goggo, waɗanga na gida na. A aje su, ba na saidawa ba na."

Ta karɓa tana murmushi, ta ƙulle abinta, ba wanda ya ji kunya. Wallahi a nan tsohon ya ƙara girma a idona. Kafin la'asar muka haɗa sha ɗaya. Sun ci fiye da rabin kuɗin babur, ban ji zafi ba. Aka ƙara mana da kwalbar man shanu kyauta.

Muka koma Kebbe muka kwana gidan wani malami mai almajirai da littattafai har rufin ɗaki, aka ba mu tuwon dawa da miyar kuka. Da safe muka sami wata motar hatsi zuwa gida. Duk hanya ina ƙwanƙwasa liyari a kan yatsa, har Baba ya ce in bari kar in ƙarar da ƙarar.

Na sami Inna a tsakar gida tana tankaɗe. Na zube mata su a kan zane. Ta riƙa shafa su, hawaye na zuba. Ta shiga ɗaki ta fito da nata guda ɗayan don a haɗa. A nan kaina ya kumbura, malamin da ya yi karatun kwana ɗaya. Na ce bari in nuna mata yadda ake gane na gaske. Na buga sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya yi kuka mai daɗi. Na ɗauki nata na buga. Ƙwas.

Na sake bugawa, ƙwas. Na aje shi a kan zanen. Inna ta share ido da gefen zane, ta yi 'yar dariya.

"Na sani tun tuni. Shekarar da kaz zo neman kuɗin jarrabawa, shi nik kai ma Baba maƙeri. Yaj juya shi, yac ce wanga na gida na, in aje shi. Sai nis saida tunkiyata."

Ashe ba don tunawa ta bar shi ba. Duka sha biyun ta fitar saboda ni, guda ne ya ƙi tafiya. Ashe kuma tsohon nan ya sani shekara da shekaru, ya raka ni har Kebbe ya dawo, bai ce uffan ba.

Tafiyar nan ta koya mini nauyin azurfa da ƙararta da rubutun gefenta, kuma duk mai son saye ya zo in duba masa. Abin da na kasa koyo shi ne wanda Baba ya fi nanatawa, har na buga gadon uwata a gabanta. Da yamma na kai masa su ya zura a zare, na ce ko a bar na dalman a gefe. Ya dube ni ta saman tabaraunsa na aiki, ya ce Inna ta riga ta aiko da saƙo. A tsakiya ta ce a sa shi.